Jan Biron Kawu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka da sauƙin ƙafa. Direban da ke kawo mini yadi ya ce ya gan ka a ƙofar gida kana yi wa sandarka faɗa, na ce to, da sauran ƙarfi. Mu nan lafiya lau. Makarantu sun canza kayan ɗalibai, keken ɗinkina ba ya hutawa. 'Yata Lauya tana gaishe ka. Ta shiga aji huɗu, kuma bakin nan da ya sa ka laƙaba mata sunan yana nan yadda ka bar shi.

Da na kira ka a waya, amma na san halin kunnenka, sai na yi ta ihu duk unguwa ta ji. Wannan kuwa ba maganar ihu ba ce.

Wata da nake yi wa ɗinki ce aka kai ɗan'uwansu wurin likitan ƙwaƙwalwa, likitan ya rubuta wata kalma a takardarsa, wai fedofiliya. Ta san ina da kawu da ya ƙare aikinsa yana koyar da ma'aikatan jinya a asibitin ƙwaƙwalwa, shi ne ta ce in tambaye ka. Cuta ce ko mugun hali? Shi ya ɗora wa kansa? Ana yin magani?

Don Allah ka ja layi da jan biron nan naka a wuraren da suka fi muhimmanci. Ka san danginmu. Tun muna yara, in doguwar wasiƙarka ta zo sai a ce a karanta ja, a bar baƙi.

'Yarka,
Tela

*

Zuwa ga 'yata Tela,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta ta sau biyu, na biyun don jin daɗi kawai, domin ba a cika turo wa gidan nan komai ba sai takardar wuta. Ƙafa tana nan da halinta. Ido ma ya fara kwaikwayon kunne. Tun rasuwar mai ɗakina ni da agogon bango ne muke hira, shi kuma magana ɗaya ya iya. Ki gaya wa direba ba faɗa nake da sanda ba, shawara muke yi. Ni da mahaifiyarki kakanmu ɗaya, amma a duk zuriyar nan ke kaɗai ce kike tuna akwai ni, Allah ya yi miki albarka.

Karatuna ya tsufa, don haka kafin in amsa sai da na tambayi matashin likitan da ke zuwa auna mini jini. Abin da na koyar bai canza sosai ba, sun dai ƙara tsabtace kalmomin.

Fedofiliya suna ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba sha'awar jima'i da babban mutum yake ji ga yaran da ba su balaga ba. Ba tunanin da ya gifta sau ɗaya ake nufi ba. Sai abin ya zauna, aƙalla wata shida, kuma mai shi ya kai shekara goma sha shida, ya girmi yaron da aƙalla shekara biyar. Likitoci suna lissafa ta cikin cututtuka idan tana azabtar da mai ita, ko tana ɓata masa zama da mutane, ko kuwa ya aikata wani abu a kanta. Cuta ce da likitoci suka sani. Ba wanda ya zaɓar wa kansa wannan sha'awa. Mai ita yana bukatar likita.

Akwai wata kalma makusanciya, hebefiliya, wato sha'awar yaran da suka fara balaga. Likitoci ba su haɗu a kan ko a sa ta cikin jerin cututtuka ba, amma wannan gardamar tasu ce, ba ta halatta wa kowa taɓa yaro ba.

Sai kalma ta uku, wadda mutane ke cakuɗawa da ta farko: cin zarafin yara. Wannan ba sunan cuta ba ne, sunan aiki ne, kuma laifi ne. Akwai masu wannan sha'awa da suka rayu suka mutu ba su taɓa yaro ba. Akwai kuma masu cin zarafin yara da ba su da cutar ko kaɗan, dama kawai suka samu da mugunta. Kuma ba hauka ba ce. Mai ita ya san dama da hagu, ya san abin da aka hana, yana da alhakin hannunsa kamar kowa. Ba a san maganin da ke goge ta ba tukuna, amma zama da likita, wani lokaci da ƙwayoyi, yana taimaka wa mutum ya riƙe kansa. Sharaɗin farko shi ne kada a bar shi da yara.

Tun da ɗan'uwan nasu ya je wurin likita, ina zaton tsoron kansa ne ya kai shi, wannan kuwa abin a ƙarfafa ne. Shi ya sa na ja layi a wurare uku, daidai da tambayoyinki uku: cewa cuta ce, cewa ba shi ya zaɓa ba, da cewa yana bukatar likita.

Ki shafa mini kan Lauya, ki ce har yanzu ina jiran ta zo ta kayar da ni a gardama.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Jikinmu lafiya.

Kawu, ƙarya na yi maka. Babu wata mai kawo ɗinki. Ƙanin maigidana ne, wanda ake kira Malam Ƙarami saboda darasin da yake yi wa yaran unguwa a ɗakin gaban gidan mahaifiyarsu. Kunya ce ta hana ni faɗa.

Kuma ba tsoron kansa ne ya kai shi asibiti ba. Maƙwabciyar surukata, mai sayar da gawayi, tana da yarinya 'yar shekara bakwai da ke zuwa darasin. Yarinyar ta gaya wa uwarta cewa yakan sallami sauran yara, ya rufe ƙofa, ya taɓa ta inda bai kamata ba, ya ce in ta faɗa za a dake ta. Uwar ta shigo gidan surukata tana kuka. Washegari maigidana ya ɗauki ƙaninsa zuwa wurin likita, amma a hanya ya ja masa kunne cewa tunani kawai zai ce yana damunsa, kada ya ambaci yarinyar.

Da takardarka ta zo ni da hannuna na ba maigida, ina ganin za ta buɗe masa ido. Sai ya tara dangi a falon surukata, ya aika aka kira mai gawayi, ya miƙe ya karanta layukan nan uku da ka ja. Su kaɗai. Ya ninke takardar ya ce, “Kun ji dai. Wannan mutum ya fi kowa sanin aikin nan, ya ce cuta ce. Yaushe aka fara kai marar lafiya wurin 'yan sanda?”

Surukata ta ce, “Ni dama na san ɗana ba haka yake ba. Lalura ce ta same shi.”

Na ce, “Baban Lauya, ka karanta sauran mana.”

Ya ce, “Da sauran ne mai muhimmanci, da Kawu bai bar shi baƙi ba. Ko kin fi shi sanin inda zai ja layi?”

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su so yi ba. Mai gawayi ba ta iya karatu. Ta dubi jan layin daga nesa kamar hatimin hukuma, ta ja mayafinta ta fita.

Yanzu ga inda ake. Don a raba shi da waccan unguwa, an kawo shi gidanmu. An kwashe buhunan da ke ƙaramin ɗakin ajiya an sa masa katifa, ƙofarsa tana kallon ta Lauya. Daga makaranta shago nake wucewa da ita, tana yin aikin gida a ƙarƙashin teburin yanka, cikin ƙyallaye. Amma ba kullum nake iyawa ba, in aiki ya kai ni kasuwa. Shekaranjiya a wurin cin abinci ya ce zai riƙa taimaka mata da lissafi, maigida ya ce madalla, ai zaman banza ba ya yi wa marar lafiya kyau.

Na karanta baƙin, Kawu, har na kusa haddace shi. Amma ja ka ja. Shin abin da kake nufi ke nan, mu yi jinyarsa mu yi shiru? In haka ne ka gaya mini a fili, in san ni kaɗai ce.

'Yarka,
Tela

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba amsa. Ya ce ya tarar da ƙofarka a rufe, ya bar takardar wurin mai shagon kusa da kai.

Na ɗauka shirun nan shi ne amsar. Ban yi fushi ba. Ka yi shekaru kana jinyar masu lalura, dole zuciyarka ta fi karkata gare su. Ni kuwa uwa ce. Na mayar da katifar Lauya ɗakina, maigida ya koma falo yana cewa na mai da ƙaninsa dodo. Jiya na haɗu da mai gawayi a bakin famfo, ta ɗauke kai. Yarinyarta ta daina zuwa makaranta.

Ba zan ƙara damun ka da wannan magana ba.

Tela

*

Zuwa ga 'yata Tela, da mijinta,

Wa alaikumus salam. Shiruna ba amsa ba ce. Santsi ne ya kwashe ni a banɗaki, ƙugu ya tsage, na kwanta a asibiti ina kallon silin. Yau aka dawo da ni, mai shago ya miƙo mini takardunki biyu tare, na karanta su a tsaye, jingine da ƙofa. Jikin da sauƙi. Kada ki ɓata tunani a kansa, akwai abin da ya fi shi.

Kin ga wannan takarda dukanta da jan biro na rubuta ta, daga sallama har sa hannu. Babu baƙin da za a tsallake. Ki tara mutanen da aka tara wancan karo, a falon da aka tara su, har da mai gawayi, ki karanta da bakinki.

Kuskuren da ke cikin waccan takarda nawa ne. Abin da na fara koya wa kowane ɗalibi shi ne, in aka kawo maka irin wannan magana, kafin ka buɗe littafi ka tambaya: akwai yaro a ciki? Ni ban tambaya ba. Na ji daɗin an tuna da ni, na zauna na amsa kamar mai cin jarrabawa. Yanzu na tambaya, an kuma ba ni amsa: akwai yara biyu.

Baban Lauya, da kai nake. Na san ka tun ranar da ka zo neman aure da takalmin aro, kuma ban taɓa ganin ka da mugunta ba. Ƙaninka kake so ka ceta. Amma ka ɗauki maganata ka rufe bakin matar da aka zalunta, don haka ka saurari maganar gaba ɗayanta.

Sha'awa daban, aiki daban. Sunan da likita ya rubuta sunan abin da ke cikin ƙaninka ne. Abin da ya yi wa yarinyar nan yana da nasa sunan, cin zarafi, kuma babu takardar asibitin da ke goge shi. Ban taɓa cewa bai san abin da yake yi ba. Mutumin da ya sallami sauran yara, ya rufe ƙofa, ya tsorata yarinya don kada ta faɗa, ya san sarai abin da yake yi. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya tsara irin wannan.

Ka ce yaushe aka fara kai marar lafiya wurin 'yan sanda. Tun ina saurayi ake yi. Na yi jinyar mutane da ɗan sanda zaune a bakin gadonsu. Hukunci ba ya hana magani, magani ba ya hana hukunci. Kuma maganin da kake taƙama da shi ma ba a fara ba, domin likitan rabin labari aka ba shi. Yana jinyar mai tunani, alhali mai aiki ne a gabansa. Da ya san gaskiya, da abin da zai fara faɗa shi ne kada mutumin nan ya kwana a gidan da akwai yaro. Kai kuma ka ba shi ɗaki a gaban ɗakin 'yarka, ka ƙara masa da darasin lissafi. Ko don shi kansa, wannan ba taimako ba ne. Ka ajiye shi ne a inda zai sake faɗuwa.

Ga abin da za a yi. Ya bar gidan yau, ba gobe ba, zuwa inda babu yara. A koma wurin likita a gaya masa komai. A raka mai gawayi ta kai ƙara, a ofishin 'yan sanda ko na masu kula da walwalar yara, kuma wani daga cikinku ya tsaya kusa da ita, domin ku kuka sa ta yi shiru. Yarinyarta ta ga likita. A gaya mata, da baki, cewa an yarda da ita, kuma ba laifinta ba ne. A duk labarin nan an ambaci marar lafiya sau da yawa, ba wanda ya tuna cewa ita ce aka ji wa ciwo. Sauran yaran da suka yi darasi a ɗakin nan ma iyayensu suna da hakkin sani.

Tela, ki zauna da Lauya a inda hankalinta yake kwance. Kada ki sa mata magana a baki, kada ki nuna tashin hankali a fuska. Ki tambaye ta yadda zamanta da baffanta yake, ki bar ta ta yi magana. Duk abin da ta faɗa, ki ce ta kyauta da ta faɗa.

In kuwa aka ƙi, ki sa ta a motar direban nan ki kawo mini ita. Ɗaki yana nan. Ba ni da ƙafa, amma ina da ƙofa, ina kuma da bakin da har yanzu ake ji a wasu ofisoshi.

Ba ke kaɗai ba ce. Ba ki taɓa zama ke kaɗai ba.

Kawunku

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, sannu. Na yi kuka da na ji ka faɗi kai kaɗai a gida, na kuma ji kunyar takardata ta ƙarshe. Ka yafe mini.

Na yi yadda ka ce. Kafin taron na zauna da Lauya a shago, ina koya mata sa maɓalli, na tambaye ta. Alhamdu lillahi bai taɓa ta ba. Amma ta ce ranar da na je kasuwa ya kira ta lissafi, ya ce ta turo ƙofa saboda hayaniya. Ta ce masa, “Baffa, wace hayaniya? Mu biyu ne a gidan.” Ta kwashi littafinta ta koma bakin ƙofar gida ta zauna har na dawo. Ba ta gaya mini ba don ta ga kamar ba wani abu ba ne.

A falon surukata na miƙe na buɗe takardar. Da suka hango ta ja wur, wani yayan maigida ya ce, “Yau kuma Kawu jini ya yi mana aike da shi?” Ba wanda ya yi dariya. Na karanta tun daga sallama. Da na zo wurin takalmin aro maigida ya sunkuyar da kai. Da na gama ya ce, “Kawu yana nesa, bai san yaron nan ba. Ai ya yi nadama.”

Sai na faɗi maganar ƙofa, yadda Lauya ta faɗa mini, ban ƙara ko kalma ba.

Ya juya ya dubi ƙaninsa. Ya ce, “A gidana?” Ƙanin bai ɗago ba. Ya sake cewa, “Bayan na kai ka asibiti?” Surukata ta fara cewa yara ba a biye musu, sai mai gawayi ta ce, “Hajiya, tawa ma yarinya ce.”

Maigida da kansa ya tuƙa motar zuwa ofishin 'yan sanda. Mai gawayi a gaba, ni da ƙaninsa da yayansu a baya. Yanzu maganar tana hannun hukuma, kuma an kai wa likitan cikakken bayani, ya ce zai ci gaba da ganinsa a inda yake tsare. Wata likita ta duba yarinyar, akwai kuma wata ma'aikaciya da ke zama da ita suna zane suna hira. Ta koma makaranta. Ni na ɗinka mata sababbin kayan.

Ba zan ce maka komai ya yi daɗi ba. Surukata ba ta amsa gaisuwata. Wasu dangi sun kwashe ɗinkinsu daga shagona, har da wanda na riga na yanka. Maigida ba ya cin abinci sosai, wani lokaci sai in gan shi tsaye a ƙofar ɗakin ajiya yana kallon katifar. Amma ya mayar da buhunan da hannunsa.

Da an yi hutu zan kawo maka Lauya. Ba gudu ba ne wannan karon, ziyara ce. Ta ce in gaya maka ta shirya gardamar.

'Yarka,
Tela

*

Zuwa ga 'yata Tela,

Wa alaikumus salam. Babu abin yafewa. Ƙugu yana haɗuwa a hankali, ina zagaya tsakar gida da sanduna biyu, shawarar tamu ta zama ta mutum uku.

Kin yi abin da ya fi ƙarfin maza da yawa da na sani. Ki yi haƙuri da mijinki, ɗan'uwa ya rasa, ko da yake yana raye. Surukarki kuma ki ci gaba da gaishe ta, amsawa nata ne. In kin ga mai gawayi ki ce wani tsoho yana neman afuwarta, domin da jan layinsa aka kore ta daga falo.

Na sa an buɗe ɗakin marigayiya, an share, an shanya katifa. Sakatar ƙofar a sama take, daidai tsayin babba. Na kira kafinta ya sauko da ita inda hannun Lauya zai kai, ta ciki. Ya ce, “Baba, kai kuwa wa za ka ba ɗakin, wani wada ne?” Na ce lauya ce, ya yi aikinsa da kyau kada a kai shi kotu.

Kin ga wannan da baƙi na rubuta. Jan biron ya ƙare a waccan takarda, daidai wurin sa hannu. In za ku zo, kada ki sayo mini wani. Daga yau duk mai son jin maganata sai ya karanta ta duka.

Kawunki